Wurin Kwanciyar Sir Evander

Ƙafa ɗaya ta riga ta tsallaka katangar dutsen, ɗayar kuwa ta ƙi biyo ta. Haka Marsali Gunn ta tarar da Sir Evander Strathorne, mai ƙasar Glenmarrich kaf ɗinta, zaune bisa katangar bayan gidanta kamar wanda ya hau jaki. Babbar rigar sanyi ce a kan kayan barcinsa, hula ta karkace, sandarsa kuma ta faɗa cikin kabejinta.

"Ina kwana, Marsali."

Ta ajiye kwanon tsabar kaji, ta riƙe ƙugu. "Lafiya lau, ranka ya daɗe. Ƙofar gidan nawa ce ta yi maka laifi?"

"Nas ɗin nan tana hango ƙofarki daga tagar bene. Ido gare ta kamar shaho. Zo ki kama min ƙafar nan, ta yi min tawaye."

"Shekara tamanin da uku kana haura katanga kamar ɓarawon kaji! Ina ma mutanen London su gan ka."

"Mutanen London sun ga abin da ya fi wannan. Kama dai."

Ta kama ƙafar ta ɗaga, ya sulalo ya faɗo jikinta. Mutumin da a da sai an zaɓo masa ƙaƙƙarfan doki kafin ya hau, yau ga shi a hannunta bai fi ƙunshin wanki nauyi ba. Ta ciro masa sandarsa, ta tasa shi gaba zuwa kicin.

Ya san kujerarsa, ta gefen murhu, wadda mijinta marigayi ya saba zama a kai. Tun da matarsa ta rasu shekara tara da suka wuce, babban gidansa mai ɗaki arba'in ya koma ɗaki biyu, sauran an bar wa ɓeraye da yoyon ruwa. Gidan Marsali ne a ƙarshen lambunsa, shi ya sa nan ya zama majalisarsa. Ta zuba masa kunun hatsi mai kauri, ta barbaɗa gishiri, ta ajiye masa kofin madara a gefe.

"Sukari nas ɗin take zuba min," in ji shi, yana busa cokali. "Sukari a kunu, Marsali! Kamar wani mutumin Ingila."

"To ai can ka ƙarar da rabin rayuwarka."

"Da buhun hatsina nake tafiya, kin sani sarai."

Wannan kam duk kwarin ya sani. Shekara ashirin da shida yana wakiltarsu a majalisar London. Kowace shekara zai hau jirgin ƙasa da akwati biyu da buhun hatsi ɗaya, ya dawo da bazara a rame yana zagin ruwan shan birnin. A duk tsawon shekarun nan sau huɗu tak ya miƙe ya yi magana, kuma ba wanda bai iya lissafa su ba a Glenmarrich. Na farko, ya roƙi a rufe taga domin iska na kaɗa masa ƙeya. Na biyu ya yi awa guda cur a kan ƙazuwar tumaki, har aka ce wani babba ya yi gyangyaɗi ya zamo daga benci. Na uku ya nemi a gina wa masunta matsayar jirgi, aka gina ta bayan ya bar majalisar da shekara goma.

Na huɗun ne ba a yin wasa da shi. An kawo dokar da za ta hana masu ƙasa korar talakawan da ke noma a filayensu, jam'iyyarsa ta ce kowa ya ƙi ta. Sai Sir Evander ya miƙe, ba takarda a hannunsa, ya ambaci sunayen gidaje goma sha ɗaya na ƙauyen Tornish, waɗanda mahaifinsa ya ƙone wa rufin ɗakuna ya kore su don ya zuba tumaki. Da ya gama ya zauna, da aka kaɗa ƙararrawar ƙuri'a kuma ya bi ƙofar abokan hamayya ya ba dokar ƙuri'arsa. Daga ranar manyan masu ƙasa suka daina gayyatarsa farauta, jam'iyya ba ta ƙara ba shi ko riƙon tsintsiya ba. Mutanen kwarin kuwa suka ci gaba da mayar da shi London har sai da ya ce ya gaji.

Ya shanye kunun tas, ya lashe cokali. "Likita ya zo jiya."

"Me ya ce?"

"Ya ce kada in wahalar da kaina da ɗinka sabon takalmi."

Marsali ta juya masa baya, ta hau gyara wutar da ba ta bukatar gyara.

"Zauna, 'yar Gunn, magana na zo da ita. Ba na so a sa ni a ɗakin kaburburanmu na ƙarƙashin coci. Shekara talatin na yi ina cin abinci a teburi ɗaya da mahaifina. Ya isa haka."

"To ina kake so?"

"Tornish."

Ta zauna ɗin. Shekararta bakwai ranar da aka kore su daga Tornish, yau tana da sittin da takwas, amma har yanzu in ta rufe ido tana jin ƙaurin ciyawar rufi. Kaza aka ba ta ta riƙe, ta matse ta a hammata tana ta kuka, ita da kazar. A bayan tsohon mai ƙasa ta ga wani saurayi a kan farin doki, fuskarsa ta yi fari fat, ya ƙanƙame linzami, bai ce uffan ba. Saurayin ne yanzu yake goge kunu daga gemunsa a kicin ɗinta. Ƙauyen ya zama kango, amma maƙabartar tana nan a kan tudu, kuma har gobe jinin Tornish can suke kai matattunsu. Iyayenta suna can, mijinta ma.

"Ƙasarka ce, ranka ya daɗe. Wa zai hana ka?"

"Tudun nawa ne, tumakin nawa ne. Maƙabartar ba tawa ba ce. Baƙo ba ya kwanciya sai an nuna masa shimfiɗa."

Ta daɗe tana murza bakin zanen girkinta. "In don ta ni ce, an gama. Uwata ta yafe maka tun ranar da malamin makaranta ya karanta mana jawabinka a jarida. Da ta ji an ambaci sunan babana a London, kuka ta yi ta yi. Amma ba ni ce babba ba. Tormod ne."

Sir Evander ya dafe kai. "Na san nan za ki kai ni. Ƙaro min kunun, in sami ƙarfin hali."

Tormod Bain ɗan kawun Marsali ne, makiyayi, dattijon coci, kuma shi ke haƙa kowane kabari a Tornish tun yana saurayi. Tunda yake bai taɓa cire wa wani Strathorne hula ba. Washegari da hantsi Marsali ta ɗaura wa ƙaramin dokinta keke, ta shaida wa nas cewa iska za ta kai maigida ya sha. Nas ta naɗe shi da bargo uku har sai hancinsa kaɗai ake gani, ta ce minti talatin ta ba su. Suka yi awa guda kafin su isa.

Sun tarar da Tormod a bakin garke, ya matse tunkiya tsakanin gwiwoyinsa yana yanke mata kofato.

"Sannu da aiki, Tormod," in ji Sir Evander.

"Yawwa." Ko ɗago kai bai yi ba.

"Haba ɗan kawu," in ji Marsali, "baƙo gare ka, saki tunkiyar nan mana."

"Tunkiyar ta riga shi zuwa."

Suka jira har ya gama ƙafa huɗu. Sannan Sir Evander ya warware bargunansa, ya sauko da ƙyar, ya tsaya cikin taɓo ya cire hularsa. Marsali ba ta taɓa ganin ya cire wa kowa hula a Glenmarrich ba sai gawa. Iska ta ɗaga 'yar furfurar da ta rage masa. A tsaye haka ya faɗi abin da ya kawo shi, a taƙaice, ba ado.

Tormod ya goge wuƙarsa a wando. "Zaɓe ake yi ne?"

"Kusan haka. Kujerar ƙarshe nake nema."

"Ban taɓa ba ka ƙuri'ata ba."

"Na sani. Kai ne ma kake jifana da dankali a taron kasuwa."

"Sau ɗaya ne. Kuma ban same ka ba."

"Ka sami fasto a kunne."

Gefen bakin Tormod ya motsa, ya yi maza ya maido shi. "An ce ka faɗi sunayenmu a London ba takarda. Ni ban je London ba. Faɗa min su nan."

Sir Evander ya jingina da sandarsa ya fara. Gidan Gunn na bakin rafi. Gidan Bain. Gidan Ross masaƙi da surukarsa makauniya. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yadda suke jere daga rafi zuwa gindin tudu, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, sai dai numfashi da ke yanke masa. "Gida goma sha ɗaya," ya ƙarasa, "mutum hamsin da takwas."

"Da tara."

"Hamsin da takwas aka rubuta a takardar mahaifina."

"Ƙanwata kwananta biyu a duniya ranar. Ba a kai ga yi mata baftisma ba, ba ta da suna, shi ya sa ba ta shiga takarda ba. Ruwa ya doke mu a hanya, a mashigin rafi ta mutu a cikin rigar uwata. Ni na riƙe fitila babana ya haƙa." Tormod ya dubi tudun. "Shekarata goma sha biyu."

Marsali ta san labarin, amma rabon da ta ji shi a bakin wani tun tana budurwa. 

"Ban sani ba, Tormod."

"To yanzu ka sani."

Kare ya zo ya shinshina takalmin tsohon ya koma. Marsali ta riga ta fara tunanin yadda za ta lallashe shi a hanyar komawa, sai Tormod ya yi gyaran murya.

"Tsakiyar maƙabarta ta cika, kuma ko ba ta cika ba, ba wurinka ba ne. Amma akwai fili a gefen ƙofa, inda muka sa ta. Ba mai son wurin. Iska ta yi yawa, tumaki kuma na takawa. Shekara sittin da ɗaya tana can ita kaɗai." Ya tofar da yawu gefe. "In za ka iya da wurin."

"Zan iya."

"Dutsenka ba zai fi na uwata tsawo ba."

"Na yarda."

"Suna kawai. Ba Sir, ba komai."

"Haba Tormod! Ko shekarun majalisa ba za a sa ba? Ashirin da shida fa!"

"Duk abin da ka faɗa a cikinsu ba zai cika bayan cokali ba. Mayar da hularka, kada ka mutu a garkena a ce ni ne."

A hanyar komawa tsohon ya yi ta waƙa ƙasa-ƙasa cikin bargunansa, wata tsohuwar waƙar masunta da bai iya rabinta ba. Nas na tsaye a bakin babban gida, hannu a ƙugu. Ta kwantar da shi ranar, bai ƙara sauka daga bene da ƙafarsa ba.

Bayan kwana uku 'yarsa tilo, Rosalind, matar wani alƙali a Edinburgh, ta iso a mota. Marsali ta kawo kunu a lulluɓe cikin tawul, ta tarar da uba da 'ya ana tsakiyar fafatawa. Bokiti biyu na tarar yoyo a gefen gado, ɗigon ruwan na ba su kiɗa.

"Baba, kakanninmu bakwai suna ƙarƙashin cocin nan. Me za a ce? Strathorne a cikin ciyawa, a bakin ƙofa kamar mai gadi?"

"Masu gadin majalisa sun fi yawancinmu hankali."

"Mama fa? Za ka bar ta ita kaɗai?"

"Uwarki ta yi shekara arba'in tana jure minsharina. Da bakinta ta ce min in Allah ya yi mata hutu kada in biyo ta da shi."

"Baba, ba wasa nake yi ba!"

"Ni ma haka, 'yar nan."

Rosalind ta fita fuu. Da yamma sai ga ta a kicin ɗin Marsali, ba ko ƙwanƙwasa ƙofa. Ta ƙi zama.

"Ke kika sa masa wannan abu a kai."

"Ranki ya daɗe, jam'iyya guda ta kasa sa wa mahaifinki abu a kai, sai ni mai kiwon kaji? Zauna ki sha shayi. A kujerar nan na cire miki ƙaya a ƙafa kina 'yar shekara biyar, kin cika min kunne da ihu."

Rosalind ta zauna a bakin kujerar, jaka a cinya. Ashe abin da ta sani game da Tornish bai wuce abin da ake faɗa a teburin manya ba, wai an sauya wa wasu mutane wurin zama. Marsali ta ba ta labarin yadda ya faru, ba ta ƙara gishiri ba, ba ta rage ba: kazar, hayaƙin, saurayin kan farin doki, jaririyar mashigin rafi, da abin da Tormod ya ce a bakin garke. Shayin Rosalind ya huce a hannunta.

"Bai taɓa faɗa min yana wurin ba," in ji ta a hankali.

"Ai mahaifinki ba mai yawan jawabi ba ne, duk ƙasar nan ta shaida."

Rosalind ta yi wata 'yar dariya da ta ƙare da jan hanci. Ta tashi ta tafi, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Kwana goma ya ƙara. Ya kori nas sau biyu, sau biyu tana ƙin koruwa. Ya sa aka kawo masa tsohon karensa ya kwanta a kan ƙafafunsa. Fasto ya zo ya tambaye shi ko ya shirya saduwa da Mahaliccinsa, ya ce ya shirya, fatansa dai kada a ce sai ya yi jawabi. Kunun da yake sha ya ragu daga kwano zuwa cokali uku, daga uku zuwa ɗaya.

Ranar Alhamis da la'asar Marsali da Rosalind na zaune a gefensa, rana ta ɗan leƙo bayan ruwa. Can ƙasa a kan hanya mai kifi ya kaɗa ƙararrawar kekensa. Tsohon ya buɗe ido firgigit, yana lalube a kan bargo.

"Ƙuri'a ce! Ina hulata?"

"Mai kifi ne, Baba."

"Au." Ya koma ya kwanta. "To ku saya, kada ya wuce." Har sun zaci ya yi barci, sai ya sake magana, idonsa a rufe. "Kin san in an tashi majalisa, masu gadi sukan bi zaure suna kira, wa zai tafi gida? Wa zai tafi gida? Kullum nakan ce a raina, ni ne, amma nawa da nisa."

Rosalind ta kama hannunsa. "Za a kai ka, Baba. Tornish ɗin."

Ya buɗe ido ɗaya ya dube ta. "An amince ke nan?"

"An amince."

"Ba mai ja?"

"Ba mai ja," in ji Marsali.

"Madalla. Karon farko ke nan da na kawo ƙuduri ya wuce a rana ɗaya."

Nas ta shigo da shayi, ta zuba kofi uku, ta juya za ta miƙa masa nasa, sai ta tsaya. Ta ajiye kofin a hankali, ta taɓa wuyansa, ta dubi agogon ƙirjinta. Karen bai ko motsa daga kan ƙafafunsa ba.

Ranar Litinin cocin ya cika har waje. Manya sun zo daga Edinburgh da London, da dogayen huluna da takalma masu ƙyalli. Wani tsohon ɗan majalisa ya miƙe ya yi yabo, ya ce marigayin zaki ne a fagen magana, in ya buɗe baki majalisa takan girgiza. Nan take tari ya kama bencin baya gaba ɗaya, har sai da fasto ya ɗago kai ya harare su.

Da aka fito, maimakon a sauka da akwatin ƙarƙashin coci, sai maza shida na jinin Tornish suka saɓa shi a kafaɗa, mai busa ya hura algaitarsa ya shige gaba. Daga nan zuwa maƙabartar mil uku ne, kuma ba hanya sai turbar tumaki. A al'adar kwarin mata ba sa raka gawa kabari, sukan koma gida su dafa shayi. Amma sai ga Rosalind ta fito daga bayan coci cikin baƙar rigarta ta birni, ƙafarta sanye da manyan takalman mijin Marsali, an cusa musu jarida don su zauna. Marsali na biye da ita. Fasto ya buɗe baki, ya dubi fuskokinsu, ya rufe.

Manyan baƙi sun yi ƙoƙari, a ba su wannan. Sun bi har mashigin rafi na farko. Nan suka tsaya suna kallon ruwan suna kallon takalmansu, sai suka cire huluna cikin ladabi suka bar gawar ta wuce. Ɗaya ne kaɗai, wani siririn tsoho da ba wanda ya san shi, ya tuɓe takalmi da safa ya naɗe wando ya shiga. Daga baya aka ji ashe tsohon mai gadin majalisa ne, da kansa ya hawo jirgi tun daga London.

Kowane rabin mil akan sauke akwatin a kan tarin duwatsu, wasu shida su karɓa, kwalbar wiski ta zagaya.

"Kai, ba nauyi," in ji wani masunci yana murza kafaɗa. "Anya yana ciki?"

"Yana ciki," in ji Marsali. "Ba ka ji ya yi shiru ba? Shi ne."

Dariya ta bi layin har gaba. Rosalind ma ta yi, tana share ido da bayan hannu, takalman na faɗa mata fal-fal a cikin taɓo.

Suka wuce ta tsakiyar kangon ƙauyen, inda ciyawa ta rufe murhunan da. Mai busa ya yi shiru a nan ba tare da an ce masa ba. Ba ka jin komai sai takun ƙafa da kukan tumaki can nesa. Marsali ta taɓa hannun Rosalind ta nuna mata wasu duwatsu a bakin rafi. "Namu ke nan," ta ce, suka ci gaba.

Tormod bai je coci ba. Tun da safe yake kan tudu, ya haƙa ramin shi kaɗai, da shekarunsa saba'in da uku, ya jera yankakkun ciyawar a gefe. Ramin na dab da ƙofa ta hannun hagu. Kusa da shi akwai wani ɗan dutse da bai fi curin burodi ba, ba rubutu a jikinsa. Da akwatin ya iso bakin ƙofa, Tormod ya dube shi, ya dubi jama'a, sannan ya kai hannu ya cire hularsa ya cusa a aljihu.

Fasto ya taƙaita, domin iskar wurin ba ta bar kowa ya yi dogon bayani. Aka miƙa wa Rosalind igiyar wajen kai, Tormod ya kama igiyar wajen ƙafa, aka saukar da shi a hankali. Maza suka karɓi shebur bi da bi. Da ƙasa ta cika, Tormod ya ce kowa ya tafi, sauran aikin nasa ne, ba ya son a ɓata masa.

Jama'a suka gangara, hira ta fara tashi, ana maganar naman da ke jira a babban gida da ko baƙin London sun bar wani abu. Rosalind ta riƙe hannun Marsali saboda santsi. Sai da suka kai gindin tudu Marsali ta tsaya ta huta, ta waiwaya.

Yayyafi ya fara sauka, siriri. Tormod na durƙushe a gefen ƙofa, yana ɗaukar yankakkun ciyawar ɗaya bayan ɗaya yana mayarwa, yana danna kowace da tafin hannu har bakinta ya haɗu da na 'yar'uwarta. Ya rufe babban kabarin, ya matsa da gwiwa zuwa wajen ɗan dutsen, ya ci gaba da jerawa. Karensa na kwance a bakin ƙofa, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa, yana jira.